Kata 26 ko uku kacal: wane salo ne ya fi cika?

Autan Dojo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, don Allah kada a yi min dariya. Shekarata ɗaya da 'yan watanni ina koyon karate salon Shotokan, yanzu ina kan katar Heian Sandan. Jiya bayan atisaye muna zaune wajen mai shayi, sai wani abokina da ke koyon Wing Chun, wani salon kung fu na Sin, ya tambaye ni kata nawa gare mu, wato tsararrun motsin faɗa da mutum ke yi shi kaɗai. Na ce masa 26, ina wani ɗaga kafaɗa. Sai ya tuntsire da dariya, ya ce su nasu na hannu uku ne kacal, kuma wai duk wanda ya tara 26 bai iya ko ɗaya ba. Ni kuma na ce masa salon da bai wuce uku ba ai bai gama girma ba. Muka yi ta musu har shayina ya huce. To manyanmu, yawan kata ne ke nuna cikar salo, ko kuwa shi ne da gaskiya?

Ɗan Guramaɗa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ku duka biyun kun ɓata shayi a banza. Mu a dambe kata nawa gare mu? Babu ko ɗaya. A naɗe maka hannu, makaɗi ya kira sunanka, ka shiga fili, ko ka kashe ko a kashe ka. Ban taɓa ganin wanda iska ta rama wa naushi ba.

Maman Ilham:
To ga shi nan ya fara. Duk maganar da aka ɗauko a nan sai ya kai ta gidan dambe.

Sensei Mai Furfura:
Wa alaikumus salam ɗana. Tambayarka ba abin dariya ba ce, mu ma da muna samari mun yi wannan musun, sai dai namu a ƙofar silima muke yi bayan an tashi daga fim ɗin Chanis.

Fara da sanin cewa 26 ɗin da kake taƙama da su ba haka aka same su ba. Gichin Funakoshi, wanda ya kai wannan salo Tokyo daga tsibirin Okinawa a 1922, kata 15 ya tsayar a littafin da ya fitar a 1935: Heian biyar, Tekki uku, sai Bassai, Kanku, Empi, Gankaku, Jitte, Hangetsu da Jion. Ƙirga ka gani. Sauran irin su Unsu, Sochin, Nijushiho da Gojushiho daga baya suka shigo ta hannun almajiransa, wasu ma daga wajen Kenwa Mabuni aka je aka koyo su. Ka ga ke nan ko mai gidan bai ce 26 ba.

Heian ɗin da kake kai kuma ba tsohuwa ba ce can. Malamin Funakoshi, Anko Itosu, shi ya tsara ta a farkon ƙarni na 20 saboda 'yan makaranta, lokacin da ake shigar da karate cikin darussan motsa jiki a Okinawa. Sunanta na asali Pinan. Ya duba manyan kata irin Kushanku ya ga sun yi wa yaro nauyi, sai ya yanka masa loma daidai bakinsa. Kamar dai yadda ba a fara wa yaro da dogon rubutu a allo, sai ya wuce babbaƙu da farfaru tukuna. Heian Shodan motsi 21 ce, Kanku Dai 65. In ka kai Kanku Dai za ka yi ta cin karo da tsofaffin abokanka daga Heian Nidan da Yondan, ka ce ashe nan gidanku yake.

Autan Dojo:
Allah ya ƙara lafiya Sensei. Amma akwai abin da ya ɗaure min kai. Na kalli wani ɗan Shito-ryu, wani salon karate, a YouTube yana yin Pinan Nidan, sai na ga ai Heian Shodan ɗinmu ce. Kuskure ya yi wajen rubuta sunan?

Sensei Mai Furfura:
Bai yi kuskure ba, mu ne muka juya. Funakoshi ya ga ta biyun ta fi sauƙi ga sabon shiga sai ya mayar da ita ta farko. Kuma ba jerin kaɗai ya taɓa ba, har sunayen ya sauya don su shiga kunnen mutanen Japan: Naihanchi ta koma Tekki, Kushanku ta koma Kanku, Wanshu ta koma Empi, Chinto ta koma Gankaku, Seisan ta koma Hangetsu. A zamanin ne ma aka sauya rubutun kalmar karate kanta, daga harafin da ke nufin hannun Sin zuwa wanda ke nufin hannu ba makami. Lokaci ne da Japan ke ji da kanta, ba ta son a ce abin daga Sin ya fito. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Ɗan Damagaram:
Ina gaida Sensei, ina gaida kowa. Ni karate salon Goju-ryu na yi, kuma mu 12 ne namu. Amma in gaya maka gaskiya Auta, wata shida na farko ban san akwai 12 ba. Gekisai ta farko da Sanchin, shi ke nan.

Wanda bai taɓa yin Sanchin ba in ya gani zai ce wannan ai ba komai. Taku uku gaba, a juyo, hannu na fita a hankali kamar mai tura mota, numfashi na fita da ƙara. Sai ka shiga ciki ka sani. Malaminmu yakan sa mu tuɓe riga, ka tsaya yatsun ƙafa sun karkato ciki, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kana tsaka da yi sai ka ji tafin hannu biyu sun sauka a kafaɗarka, fau! Ya zagayo ya danna cikinka da dunƙule, ya taɓa cinya ya ji ko ta saki. In diddigenka ya ɗaga ko kaɗan, a koma farko. Ranar farko da na koma gida uwata ta ga shatin yatsu a kafaɗata ta ce wa ya dake ni, na ce karatu ne. Ta ce to wannan karatun ba da kuɗinta ba.

Abin da nake so in ce, Chojun Miyagi da ya kafa salon, Gekisai ma sai a 1940 ya ƙara ta, don yara da sababbi. Ita ce Pinan ɗinmu. Ka ga kowane gida sai da ya yi wa yaransa ƙaramin tsani.

Ɗalibi a Henan:
Salam. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma tunda an taɓo Sanchin bari in shigo. Ina karatu a nan Zhengzhou, kuma ina ɗan taɓa wushu ƙarshen mako. A nan ba a cewa kata, taolu ake cewa.

Yaya Ɗan Damagaram, Sanchin ɗinku 'yar Fujian ce. A salon Farin Zalɓe na can akwai San Zhan, ma'anarta yaƙi uku, kuma ita ce tushen karatunsu. Malamin Miyagi, Kanryo Higaonna, a Fuzhou, babban birnin lardin Fujian ɗin nan na Sin, ya yi karatu. Haka Kanbun Uechi, ya tafi Fuzhou a 1897, ya yi wajen shekara 13 a ƙasar, ya dawo da kata nawa? Uku: Sanchin, Seisan, Sanseiryu. Shekara goma sha uku, kata uku. Ɗansa Kanei da manyan almajirai ne suka ƙara biyar a tsakani suka zama takwas, saboda tazarar da ke tsakanin ukun ta yi wa ɗalibi faɗi. Saboda haka Auta, ba sai ka je kung fu ba, a cikin karate ma akwai masu uku.

Amma kada abokinka ya ruɗe ka da cewa kung fu ƙanƙanta ne halinsa. Wing Chun ɗin ce haka. Kuma ko ita ba uku ba ce in an ƙirga duka. Uku na hannu: Siu Nim Tao, Chum Kiu, Biu Jee. Sai na mutum-mutumin katako mai hannu uku da ƙafa ɗaya, sai na doguwar sanda, sai na tagwayen wuƙaƙe. Shida ke nan. A ɗaya gefen kuma ga Choy Li Fut, da Chan Heung ya kafa a 1836 a Guangdong, wanda in aka haɗa na hannu da na makamai da na mutum biyu ana ƙirga sama da ɗari. Babu mai riƙe su duka, kowane reshe da abin da ya gada.

Maman Ilham:
Sama da ɗari? To yaushe mutum zai ci abinci?

Ɗalibi a Henan:
Hajiya dalilin a sunan yake. Chan Heung wajen malamai uku ya yi karatu, Choy da Li sunayen biyu daga cikinsu ne. Mutumin da ya sha a rijiya uku ba ya son zubar da ko guga ɗaya. Haka Mabuni na Shito-ryu da Sensei ya ambata: ya yi karatu wajen Itosu na Shuri, ya yi wajen Higaonna na Naha, ya kuma bi wasu yana tsinta. Shi ya sa kata a Shito-ryu suka haura 40, wasu rassan ma sun wuce haka nesa. Ni a ganina in ka ga salo da kata masu yawa, yawanci wanda ya kafa shi ma'aji ne, tsoronsa kada abu ya ɓace. In ka ga kaɗan, mai tankaɗe ne. Hironori Otsuka na Wado-ryu ya san da yawa, amma tara ya ce su ne ginshiƙi.

Ɗan Guramaɗa:
Ma'aji ko mai tankaɗe, ni tambayata ɗaya ce: in an mare ka a tasha wacce za ka yi? Ta ɗaya ko ta ashirin da shida? Ku da kuke Sin ai kun fi mu sanin abin da ya faru a 2017. Xu Xiaodong, ɗan faɗan keji na zamani, ya haɗu da wani malamin tai chi, Wei Lei, a Chengdu. Ko rabin minti ba a yi ba malam na ƙasa yana kare kai. Bidiyon na nan, gani ya kori ji. Ina taolu ɗin ya tafi?

Ɗalibi a Henan:
Haka aka yi, ba zan musa ba, kuma abin ya tayar da ƙura sosai a nan. Amma Yaya ba kai ka fara wannan sukar ba, 'yan gida sun riga ka. Janar Qi Jiguang na daular Ming, wajen 1560, ya rubuta littafin horar da soja, ya zaɓi tsayuwa 32 na faɗan hannu ya sa a ciki, amma ya faɗa ƙarara cewa faɗan hannu ba shi da wani amfani a babban fagen yaƙi, amfaninsa ya saba wa soja da motsa gaɓoɓi. Kuma ya yi kaca-kaca da masu salon ado da ake yi don 'yan kallo. A ƙarni na 20 Wang Xiangzhai, wanda ya taso a Xingyi, ya watsar da taolu gaba ɗaya ya kafa Yiquan. Bruce Lee ma da ya fara wajen Ip Man, malamin Wing Chun, ƙarshe ya juya wa tsararrun motsi baya. To musun ya girmi kakanninmu.

Sensei Mai Furfura:
Ɗan Guramaɗa, ni ba zan yi maka gardama a kan wanda bai taɓa shan naushi ba. Duk wanda kata kaɗai ya sani, bai taɓa tsayawa gaban mai son ya fasa masa hanci ba, in ya shiga fili zai sha kashi, ko ɗan wane salo ne. Amma ka amsa min wannan. Kai da safe in ka tashi kana gwada kai hannu kai kaɗai, garkuwa a gaba, kana auna taku, kana sauke mashi a iska, me kake yi? Bambancinmu da kai, mu an rubuta namu an sa masa suna, kai naka yana kanka. Ranar da ka tsufa naka ya tafi da kai, sai abin da yaranka suka tsinta da ido.

Mutanen Okinawa ba su da bidiyo, yawancin abin ma ba a rubuta shi. Kata ita ce taskar da suke zuba abin da suka sani. Matsalar ita ce an raba taskar ga duniya, mabuɗin kuma bai bi kowa ba.

Bari in ba ka misali da abu mafi sauƙi. Auta, in ka kai naushi da dama, ina hagunka take?

Autan Dojo:
A ƙugu Sensei. Hikite.

Sensei Mai Furfura:
Me take yi a can?

Autan Dojo:
An ce mana tana ƙara wa naushin ƙarfi.

Sensei Mai Furfura:
Ni ma haka aka ce min, na yi shekara goma sha ina maimaita wa yara. Kuma kullum raina na ce min wane mai hankali ne zai sauke hannu daga fuskarsa ya kai ƙugu ana tsakiyar faɗa? Sai wata rana a wani taron horo wani dattijo baƙo ya kira ni gaba. Ya ce in kama shi. Na miƙa hannu, sai ya cafke hannun rigata daidai gwiwar hannu, ya murɗa, ya fizgo zuwa ƙugunsa. Kafin in ankara kaina ya sunkuyo, haɓata ta zo ta sami dunƙulensa tana jira. Bai ko buga ba, ya dai ajiye shi a wurin yana murmushi. Hikite ma'anarta hannu mai ja. Ba ya komawa ƙugu hannu rabbana, da kaya yake komawa. Funakoshi da kansa ya rubuta haka, mu ne ba mu karanta ba.

Daga ranar na koma Tekki Shodan, wadda da nake raina ta saboda ba ta da tsalle ba ta da ado, gefe da gefe kawai kamar ƙaguwa. Na tarar cike take da riƙo, da gwiwar hannu, da taɗiye. Choki Motobu, wanda duk Okinawa ta san shi da faɗan gaske, kusan a kan Naihanchi ya gina karatunsa. Shi ne a farkon shekarun 1920 ya hau dandali a Kyoto ya kayar da wani Bature ɗan dambe, yana da shekara hamsin da 'yan kai. Abin haushi, da wata mujalla ta ba da labarin a 1925 sai ta zana hoton Funakoshi a maimakonsa. Har ya mutu bai huce ba, in ji masu ba da labari.

Ɗan Guramaɗa:
To wannan Motobun namu ne, a ba shi Guramaɗa. Amma Baba ka lura, da kanka ka ce da kata ɗaya ya yi. Ka ga abokin Auta ya ci musu ke nan.

Maman Ilham:
Bai ci ba tukuna, ku dakata. Duk kuna magana kamar faɗan tasha ne kaɗai dalilin shiga dojo, wato zauren koyon karate. 'Yata shekararta 14, gasar kata take yi, kuma a can yawa dole ne. A manyan gasa ba a barinka ka yi ta maimaita kata ɗaya zagaye bayan zagaye, sai ka tanadi huɗu ko biyar da ka goge su sosai. Jerin da hukumar karate ta duniya ta amince da shi kata 102 ne, daga salo daban-daban.

Kuma abin da ke ba ni haushi, mu 'yan Shotokan kullum da Unsu da Gojushiho da Gankaku muke zuwa, su kuwa masu cin kofi sai ka ji Anan, Papuren, Suparinpei, Chatanyara Kushanku. Ku tuna Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021. A wasan ƙarshe na mata, Sandra Sánchez ta Sifen da Kiyou Shimizu ta Japan, dukansu Chatanyara Kushanku suka yi, Sánchez ta ɗauki zinare. A na maza Ryo Kiyuna, ɗan Okinawa, ya ci da Ohan Dai, abokin karawarsa Damián Quintero ya yi Suparinpei. Babu ta Shotokan ko ɗaya a cikin huɗun. Yanzu yarinya ta tasa ni gaba wai sai ta koyi Papuren, malaminta kuma bai iya ba, daga waya suke kwaikwayo su biyun.

Sensei Mai Furfura:
Hajiya Allah ya ba ta sa'a, amma a kula da koyon waya. Tsayuwar Shito-ryu ta fi tamu miƙewa sama da matsewa, tsayuwar kyanwa ta yi yawa a ciki. In ta ɗauki Papuren ta zuba mata doguwar tsayuwar Shotokan, alƙalin da ya san aikinsa zai gane tun motsi na uku.

Ni abin da ke damuna da katar gasa shi ne tsayawar nan da ake yi. A yi motsi biyu kamar walƙiya, a daskare ana zare ido, riga na ƙara kamar ana kakkaɓe tabarma. Kyau kam akwai kyau, kuma wahalarta ba kaɗan ba ce, ban raina ba. Amma an mayar da ita abin kallo.

Ɗalibi a Henan:
Nan ma haka ne Sensei. Taolu na gasa yanzu tsalle ne da juyi a sama, ana ba da maki kan wahalar motsi kamar wasan alkafura. Na je Dengfeng, garin da haikalin Shaolin yake, na ga makarantun da ke kewaye. Yara dubbai a fili ɗaya da asuba, kaya iri ɗaya, in suka buga ƙafa tare sai ka ji ƙasa ta amsa. Amma waɗanda za su yi faɗa daban ake ware su, sanda suke yi, wato damben Sin na zamani mai safar hannu da kayarwa, kuma horonsu bai dogara da taolu ba.

Wani abu kuma game da ƙirga. Doguwar taolu ta tai chi salon Yang, wani zai ce maka motsi 85 ce, wani 88, wani 103, wani 108, alhali kusan abu ɗaya suke yi, yadda ake ƙirga maimaici ne ya bambanta. A 1956 hukuma a Beijin ta taƙaita ta zuwa 24 don jama'a su samu na motsa jiki, ita ce tsofaffi ke yi a lambu da safe. Su kuwa mutanen ƙauyen Chen, inda abin ya samo asali, tsohon tsarinsu dogayen taolu biyu ne na hannu. To wa ya fi wani, mai biyu dogaye ko mai ashirin gajeru? Lissafin ma ba ya tsayuwa.

Ɗan Damagaram:
Wannan 108 ɗin tana ko'ina. Suparinpei ɗinmu ma'anar sunanta ke nan, 108. Sanseru 36, Sepai 18, Seisan 13. Kuma in ka ƙirga motsin ba lallai ya yi daidai da sunan ba. Ana danganta 108 da lissafin mabiya addinin Buddha.

Abu Hanifa Zango:
Yauwa, nan nake jira. Ni daga Kumasi nake bin ku. Tunda abin na da alaƙa da addininsu, ga kuma sunkuyawa da ake yi kafin a fara kata, anya ya dace Musulmi ya sa kansa a ciki?

Admin:
Malam Abu Hanifa, an yi wannan muhawarar a baya har ta kai mu ga cire mutum biyu. Mai son hukunci ya tambayi malamai. A nan a tsaya kan kata don Allah.

Ɗalibi a Henan:
Admin ba fatawa zan ba da ba, tarihi ne kawai, kuma yana cikin maganarmu. Malam, Musulmin Sin da ake kira Hui suna cikin manyan masu riƙe da kung fu. Cha Quan nasu ne. Bajiquan, mai bugu da gwiwar hannu da kafaɗa, ta hannun Wu Zhong ta yaɗu, Musulmi ne daga Mengcun a yankin Cangzhou. Sai Tan Tui, wadda har karin magana gare ta a nan, cewa daga Nanjing zuwa Beijin, Tan Tui daga wajen Musulmi ta fito. Tasu layi goma ce. Kowane layi motsi kaɗan ne, ka yi shi dama, ka yi shi hagu, ka tafi a miƙe har ƙarshen fili, ka juyo. Shurin ba ya wuce ƙugu, ƙafa na fita kamar an saki ɗauri. Ƙungiyar Jingwu da aka kafa a Shanghai a 1910 ta ɗauki mai layi 12 ta sa ta zama karatun farko ga kowane ɗalibi. Ni da ita aka fara min, wata uku ina layi na ɗaya da na biyu, cinyata kamar an zuba barkono.

Abu Hanifa Zango:
Ikon Allah. Wannan kam ban taɓa ji ba. Na gode ɗan uwa.

Ɗan Damagaram:
Akwai wani dalilin yawan kata da ba wanda ya faɗa, kuma kowa ya san shi: kuɗi. Kowace ɗamara da katarta, kowace jarrabawa da kuɗinta. Na taɓa zama a wani dojo da malamin ke ƙara mana sabuwar kata duk bayan wata biyu, mu kuwa muna murna muna biya. Ashe da dare yake kallo a kaset ya zo da safe ya koyar. Ranar da asirinsa ya tonu, ya tsaya tsakiyar wata kata ya rasa ko hagu ake juyawa ko dama, sai ya ce wai gwada mu yake. Shekara biyu na fita da kata tara a kai, ko ɗaya ban san abin da take nufi ba. Da na koma wajen malamin Goju ɗin da na faɗa muku, ya ce in nuna abin da na iya. Na zuba masa duka tara. Ya ce to madalla, yanzu tsaya in ga tsayuwarka. Ya tura ni da yatsa biyu na tafi taga-taga.

Sensei Mai Furfura:
Shi ya sa mutanen da suke cewa hito kata san nen, kata ɗaya shekara uku. In ka bi wannan lissafin, 26 sai shekara 78. Ni yanzu da furfurata zan iya jera maka duka 26 ban tsaya ba, amma in ka ce in nuna waɗanda na sani, huɗu zan nuna: Tekki Shodan, Bassai Dai, Kanku Dai, Hangetsu. Sauran ajiya nake yi wa wanda zai zo ya ga wata ta dace da jikinsa. Mai jiki mara nauyi yakan so Empi, ƙaƙƙarfa mai faɗin ƙirji yakan so Sochin ko Jion. Ko don wannan ba zan ce a zubar da su ba.

Ɗan Guramaɗa:
Baba ka dawo hanya. Saura ka sauko daga huɗu zuwa sifili mu ɗaura maka kara.

Maman Ilham:
Kai dai ba ka da dama. Je ka kalli yadda Lyoto Machida, ɗan gidan Shotokan, ya sauke Randy Couture da shurin gaba a faɗan keji a 2011, sannan ka dawo.

Ɗan Guramaɗa:
Na gani Hajiya. Shi ma sai da ya haɗa da kokawa da shan naushi a keji. Ba iska ya yi ta duka ba.

Autan Dojo:
Na gode ƙwarai manyana. Jiya da daddare na tura wa abokin nawa duk abin da aka rubuta. Ya ce shi bai ma san suna da shida ba, malaminsu bai kai su ko Chum Kiu ba, wata takwas suna tsaye wuri ɗaya a Siu Nim Tao ƙafa ba ta motsi. Sai na ce ya zo in gwada masa hikite irin yadda Sensei ya bayyana. Na kama hannun rigarsa na murɗa na fizgo. Wallahi ya taho, har goshinsa ya bugi kafaɗata. Sai dai rigar ta yage tun daga hammata, kuma sabuwar shadda ce ta ɗaurin auren yayansa. Yanzu yana ƙofar gidanmu.

Sensei Mai Furfura:
Subhanallahi. Ɗana ai da tsohuwar riga ake gwadawa. Ka kai wa tela, ka ba shi haƙuri, Asabar ku zo tare ina son ganin Siu Nim Tao ɗin nan da idona.

Ɗan Guramaɗa:
Nawa ne kuɗin ɗinkin? Tunda kata ta yi aiki yau, ni zan biya rabi.